Ra'ayinmu: In Mai Haja Ya Zama Alƙali

Ran 23 ga watan Satumba na shekarar 2024, wani kwamiti na mutum biyar ya ba da sanarwar hana amfani da katuna huɗu a wani rukuni na wasan Magic: The Gathering, wanda ake kira Commander. Kafin gari ya waye, katunan da jiya ake rububinsu, har ɗaya daga ciki ana sayensa fiye da dala 150, sun faɗi warwas a kasuwa. Waɗanda suka yi hasara suka harzuƙa, aka yi ta aika wa 'yan kwamitin nan da zagi da cin mutunci, har da barazana ga rayukansu. Bayan kwana bakwai, ran 30 ga wata, kwamitin ya miƙa ragamar rukunin baki ɗaya ga kamfanin Wizards of the Coast, watau kamfanin da yake buga katunan yana sayarwa.

Watakila mai karatu zai ce, ina ruwan mujallar ɗalibai da rigimar 'yan karta ta can wata uwa duniya? Amsarmu ita ce, wannan wasa ya tattara kusan dukan abin da muke shan wahalar karantawa a azuzuwan shari'a da tattalin arziki da aikin mulki. Akwai doka a ciki, akwai dukiya, akwai hukuma, akwai jama'ar da hukunci yake faɗa wa. Bugu da ƙari, a nan ba sai an jira shekara goma kafin a ga sakamakon hukunci ba, cikin mako guda ake ganinsa. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, hana kati wajibi ne a wasu lokuta, amma hukumar da take hanawa tana da bashi a wuyanta, musamman in ita ce ta sayar wa mutane abin da ta dawo ta hana.

Bari mu fara da bayanin wasan, domin waɗanda ba su san shi ba. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, shi ne ya ƙago shi, aka fara sayar da shi cikin watan Agusta na 1993. A kartar da muka sani, katuna iri ɗaya ne a gaban kowa, a cakuɗa a raba, kowa ya yi da abin da rabo ya ba shi. A wannan kuwa, katuna dubbai ne, kowanne da aikinsa a rubuce a jikinsa, ana sayar da su cikin ƙunshi a liƙe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Kowane ɗan wasa shi yake zaɓen katunansa ya haɗa daminsa tun daga gida. A yawancin gasa dami kati 60 ne, ba a sa kati iri ɗaya fiye da huɗu, ban da katunan ƙasa na asali. Kowa yana farawa da maki 20 na rai da kati bakwai a hannu, yana jan ɗaya a kowane zagaye, wanda makinsa ya ƙare shi aka cinye. Akwai katunan mayaƙa masu kai hari, akwai na tsafi, akwai kuma katunan ƙasa masu ba da makamashin da ake biya kafin a ajiye sauran. Katin ƙasa ɗaya tak ake ajiyewa a zagaye guda, saboda haka ƙarfin ɗan wasa a hankali yake hauhawa. Wannan ƙa'ida ta hawa mataki mataki ita ce ginshiƙin wasan. Daga baya aka sami wasu irinsa, kamar Pokémon a 1996 da Yu-Gi-Oh! a 1999, dukansu daga ƙasar Japan.

To, da me ake auna ƙarfin kati? Wasan farko na 1993 ya ba mu misali mai kyau. An buga katuna biyar 'yan uwan juna, kowanne makamashi ɗaya ake biya, kowanne kuma abu uku yake bayarwa. Ɗaya yana ƙara wa mai shi maki uku na rai, ɗaya yana rage wa abokin karawa uku, ɗaya yana ba da makamashi uku, ɗaya yana ƙara wa mayaƙi ƙarfi uku, na biyar kuma yana ba mai shi damar jan kati uku. A kan takarda sai ka ce awo ɗaya aka yi musu. A fagen gasa kuwa, mai ƙara rai, Healing Salve, ya zama abin dariya, ba mai sa shi a dami sai sabon shiga. Mai jan kati uku, Ancestral Recall, ya shiga cikin katuna tara da suka fi kowanne ƙarfi a tarihin wasan. Dalili kuwa shi ne, maki uku na rai jinkirta faɗuwa kawai suke yi, amma kati uku dama uku ce sabuwa ta yin nasara. Wani gwani mai suna Brian Weissman ya yi suna a shekarun 1990 da koyar da wannan, cewa wanda ya riƙa cin ribar kati a kan abokin karawarsa, shi ne zai rinjaya a ƙarshe.

Ma'auni na biyu shi ne sauri. Katin da ya fi kowanne shahara, Black Lotus, watau baƙin bado, ba ya kai hari, ba ya kare kowa. Aikinsa kawai shi ne, kyauta ake ajiye shi, ya ba da makamashi uku sau ɗaya, shi ke nan an jefar da shi. Amma wannan yana nufin a zagayen farko mutum zai yi abin da ya kamata sai a zagaye na huɗu zai iya. Ya tsallake matakalar da kowa yake hawa. In aka duba jerin katunan da aka hana cikin shekara talatin, za a tarar da yawansu ɗayan biyu ne, ko dai masu ba da makamashi da araha, ko masu ba da katuna da araha. Garfield ya san ƙarfin irin waɗannan katuna, amma ya ɗauka ƙarancinsu zai tsare wasan, don bai zaci mutane za su riƙa sayen ƙunshi kwali kwali ba. Kasuwa ta ƙaryata zatonsa. Tun cikin watan Janairu na 1994 hukumar gasa ta fitar da jerinta na farko na katunan da aka hana da waɗanda aka ƙayyade, watau ɗaya tak za a sa a dami. A 2024 an ba da labarin sayar da wani Black Lotus na bugun farko a kan dala miliyan 3.

Ma'auni na uku, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne cewa ƙarfin kati ba a jikinsa kaɗai yake ba, yana tare da dokokin wasan da kuma katunan da yake zama da su. Ga kati mai aiki ɗaya, watau a ja kati biyu. A wasan Yu-Gi-Oh!, inda ba a biyan makamashi, sunansa Pot of Greed, tukunyar haɗama, an hana shi a manyan gasa tun 2005, ya shekara ashirin a kulle. A Magic akwai mai irin wannan aiki, Divination, amma da yake makamashi uku ake biya, ba kasafai gwanaye suke kallonsa ba. A Pokémon na farko akwai Bill, shi ma kati biyu yake ja, kuma abu ne na yau da kullum, domin a can akwai mai jan bakwai. Magana ɗaya ce a rubuce, amma hukunci uku ta samu. Ashe ke nan wanda ya ɗauki kati shi kaɗai ya ce zai auna shi, ya yi daidai da wanda ya ɗanɗani gishiri ya ce ya san daɗin miya.

Saboda haka ne su kansu masu ƙera katunan suke shan mamaki. A 2004 an fitar da Skullclamp, wanda yake ƙara wa mayaƙi ƙarfin hari ɗaya, ya rage masa juriya ɗaya, in mayaƙin ya mutu mai shi ya ja kati biyu. Mai kallo zai ɗauka rage juriyar nan aibi ne. Ashe nan ƙarfin yake, domin sai mutum ya ɗora shi a kan ƙaramin mayaƙi ya mutu nan take, ya sayi kati biyu da makamashi ɗaya, ya sake, ya kuma sakewa. Cikin watan Yuni na shekarar aka hana shi. Haka kuma a watan Oktoba na 2019 aka fitar da Oko, Thief of Crowns, wanda yake iya mai da kowane mayaƙi wata dabbar dawa mai kama da barewa. Kamfanin ya amsa daga baya cewa masu gwajinsa ba su lura da yadda za a riƙa amfani da wannan a kan katunan abokin karawa ba. A babbar gasar da aka yi a birnin Richmond cikin Nuwamba, kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan wasa suna da shi a daminsu. Ran 18 ga watan aka hana shi, bai cika wata biyu a kasuwa ba. Masu gwaji 'yan kaɗan ne masu 'yan watanni, masu wasa kuwa miliyoyi ne, kuma hannu da yawa ya fi saurin gano inda bango ya tsage.

Tun da ba a iya gane kome daga rubutun kati, sai hukuma ta koma ga alƙaluma. Abu uku ake dubawa. Na farko, mutum nawa suke amfani da katin. Na biyu, sau nawa damin da yake ɗauke da shi yake cin wasa. Na uku, ko jama'a suna ci gaba da zuwa gasa. Kowanne cikin ukun nan yana iya yaudarar wanda bai yi hattara ba. Yawan amfani ba kullum ne yake nuna ɓarna ba, don akwai katin da kowa yake sawa amma yana taimakon dami iri iri su rayu. Yawan cin wasa shi ma yana da tarko, wanda ɗaliban lissafi za su gane nan da nan. In kusan kowa dami ɗaya yake riƙe da shi, to, da kansa yake karawa, kowace nasara tasa faɗuwarsa ce, sai alƙalami ya nuna kusan rabi da rabi, alhali kuwa ya riga ya kori sauran daga fage. Ma'auni na uku shi ne ya fi gaskiya, sai dai yana zuwa a makare. A 2011, a rana ta biyu ta wata gasa a Singafo, kashi 88 cikin ɗari na damman da suka rage suna ɗauke da Jace, the Mind Sculptor. Da aka hana shi tare da Stoneforge Mystic cikin watan Yuni, kamfanin ya faɗa a fili cewa raguwar masu zuwa gasa tana cikin dalilansa.

Akwai masu cewa kada a hana kome, a bar 'yan wasa su nemo maganin kowane kati da basirarsu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin sau da yawa damin da ya gagara a wannan wata, wata mai zuwa an samo makarinsa. Amma tarihi ya nuna iyakar wannan ra'ayi. A ƙarshen 1998, bayan fitowar jerin katunan Urza's Saga, aka shiga wani zamani da ake iya gama wasa a zagaye na farko ko na biyu, abokin karawa yana zaune bai ajiye kome ba, yana kallon wani yana wasa shi kaɗai. Mutane suka fara watsewa. Aka hana Tolarian Academy cikin Disamba, sa'an nan cikin Maris na 1999 aka yi hanin gaggawa a kan Memory Jar, tulun tunawa, makonni kaɗan bayan fitowarsa. Haka aka sake yi a watan Maris na 2005, aka hana katuna takwas a lokaci guda don karya dami ɗaya da ya addabi gasa. Wasan da mutum ɗaya kaɗai yake bugawa ya tashi daga wasa. Ko a dara tamu ta gargajiya, an hana mutum jera uku tun ana zuba 'ya'ya, don kada a ci wasa kafin a fara shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ya kamata kuma a sani ba ƙarfi kaɗai ne yake jawo hani ba. A dokar farko ta Magic, kowane ɗan wasa yana ajiye kati ɗaya daga daminsa, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce tsagwaronta, kuma an kawar da ita daga gasa tare da dukan katunan da suka dogara da ita. Akwai Chaos Orb, wanda ake cilla shi sama ya faɗo a kan tebur, duk katin da ya taɓa ya tashi, an hana shi domin gasar ta tunani ce, ba ta iya jifa ba. Akwai Shahrazad, mai sunan gwanar labarin nan ta Dare Dubu da Ɗaya, wanda yake sa a dakatar da wasa a buɗe wani wasan a cikinsa, kamar yadda take buɗe labari cikin labari, an hana shi a 2007 saboda cin lokaci. Cikin watan Yuni na 2020 kuma kamfanin ya cire tsofaffin katuna bakwai daga kowace gasa, saboda sunayensu ko hotunansu suna cin zarafin wasu jinsuna da addinai, cikinsu har da masu suna Jihad da Crusade. Waɗannan duka ba su tayar da ƙura sosai ba, domin dalilinsu a bayyane yake, kowa yana iya duba shi da idonsa.

Inda gizo yake saƙa shi ne, wanda yake yanke hukunci shi ne mai hajar. Kamfani yana cin riba ne in sabon ƙunshi ya yi kasuwa, kuma ba abin da yake sayar da ƙunshi kamar kati mai ƙarfi a cikinsa. Saboda haka hannun da yake rubuta hani yana da dalilin yin nauyi in abin ya shafi sabon kaya. Cikin watan Yuni na 2019 aka fitar da Hogaak, ya mamaye rukunin Modern nan take. Ran 8 ga Yuli hukuma ta tashi yin hukunci, amma sai ta hana wani tsohon kati, Bridge from Below, ta ƙyale sabon. An bar jaki ana dukan taiki. Hogaak ya ci gaba da ɓarnarsa har ran 26 ga Agusta, sa'an nan aka hana shi. Ba mu ce kuɗi ne ya sa aka yi jinkirin ba, don ba mu shiga zuciyar kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, tsarin da ya sa jama'a suka yi wannan zato, ko da zaton ƙarya ne, tsari ne mai rauni. Haka aka yi ta ƙus-ƙus a watan Fabrairu na 2018, da aka saki Jace a rukunin Modern daidai lokacin da ake shirin sake buga shi cikin wani ƙunshi mai tsada a wata mai bi masa.

Da wannan idon ya kamata a kalli rigimar 2024. Biyu daga cikin katunan da kwamitin ya hana, Jeweled Lotus da Mana Crypt, masu ba da makamashi ne kyauta, irin cutar nan ta Black Lotus, kuma bisa ma'aunin da muka bayyana a sama, hanin yana da hujja. Amma kamfanin ya sake buga su duka biyu a 2023, ya yi tallar sababbin ƙunshi da su. Jeweled Lotus kuwa an ƙera shi ne don rukunin Commander kaɗai, da aka hana shi a nan ba shi da sauran wurin zuwa. Watau wani ya sayar ya karɓi kuɗi, wani dabam ya hana ya sha zagi. Na uku cikinsu, Nadu, an fitar da shi cikin Yuni na 2024, ya kai mutum biyar cikin takwas na ƙarshe a babbar gasar Amsterdam, aka hana shi a Modern ran 26 ga Agusta, kuma jagoran masu tsara shi, Michael Majors, ya rubuta cewa an sauya katin a ƙurarren lokaci, aka buga shi ba tare da an gwada sabon fasalinsa ba. Mai laifin ƙera kaya yana gefe, 'yan kwamitin da suka yi ƙoƙarin gyara su ne suka kwana cikin tsoro.

Muna tir da waɗanda suka yi barazanar nan, ba tare da wani kwana-kwana ba. Babu farashin kwali da ya kai ran ɗan Adam. Daɗin daɗawa, sun yi wa kansu sakiyar da ba ruwa, domin ƙungiya guda mai zaman kanta da take tsakaninsu da kamfani ita suka rusa da hannunsu, suka ba kura ajiyar nama. Wanda ya mai da katin wasa jari, ya kamata ya san cewa darajarsa tana rataye ne da alƙalamin wani. Alkawari ɗaya kamfanin ya taɓa yi game da daraja, shi ne na 1996, cewa akwai jerin tsofaffin katuna da ba zai sake bugawa ba. Bai taɓa yin alkawarin ba zai hana ba. Amma duk da haka, ba kowane mai kuka ne ɗan kasuwa ba. Akwai ɗalibin da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi ya haɗa dami guda, rana ɗaya aka ce masa ba shi da amfani. Kukansa halal ne, kuma ya cancanci amsa.

To, mene ne bashin da yake kan hukuma mai hani? A ganinmu guda biyar ne. Na farko, ta rubuta ma'auninta tun kafin rigima ta taso, kowa ya san abin da yake jawo hani, don kada a auna wannan da mudu a auna wancan da tiya. Na biyu, ta ba da dalili tare da hujja. A watan Janairu na 2018 kamfanin ya buga alƙaluman wasannin da aka yi ta intanet don bayyana dalilin hana katuna huɗu, mai ja da hukuncin ya sami abin da zai ja da shi, kuma haka ya kamata a riƙa yi kullum. Na uku, a sa ranakun sanarwa sanannu, amma a bar ƙofar gaggawa a buɗe. A watan Afrilu na 2017 an fito an ƙyale Felidar Guardian, bayan kwana biyu aka dawo aka hana shi, wanda ya saya tsakanin kwanakin nan ya shiga uku. Nadu kuwa an bar shi wata biyu ana jiran ranar da aka sa, alhali kowa ya ga ɓarnarsa. Garaje da nawa duka cuta ne.

Na huɗu, in laifin na mai ƙerawa ne, to, ya ɗauki rabonsa na hasara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai misali tun 1999, lokacin da kamfanin ya yarda a mayar masa da Memory Jar a karɓi sabon ƙunshi a madadinsa, kuma a wasansa na kwamfuta, Magic Arena, yakan ba waɗanda hani ya shafa abin musanya. Ba mu ga dalilin da zai sa mai riƙe da katin kwali ya fi mai na kwamfuta arhar hawaye ba. Na biyar, a riƙa waiwayar hukunci. An hana Splinter Twin a Janairu na 2016, aka sake shi a Disamba na 2024. Yata-Garasu na Yu-Gi-Oh! ya zauna a kulle daga 2004 har 2022. Jace ɗin nan da ya gagari kowa a 2011, da aka sake shi a Modern bai mamaye kome ba, domin zamani ya wuce shi. Tun da ƙarfin kati yana tare da abokan zamansa, in abokan zama suka sauya, dole a sake awo.

Bayan waɗannan, hani ba shi ne kaɗai sanda a hannun hukuma ba. Akwai ƙayyadewa, kamar yadda Konami yake yi a Yu-Gi-Oh!, inda kati yake iya zama an hana shi, ko a sa ɗaya, ko biyu, maimakon uku. Akwai juyin katuna, kamar rukunin Standard, inda tsofaffi suke fita da kansu bayan 'yan shekaru, kowa ya san ranar tun da wuri. Akwai rarraba 'yan wasa aji aji, kamar matakai biyar da aka fito da su a Commander cikin Fabrairu na 2025, don mai ƙaramin dami kada ya faɗa hannun mai babba. Sama da duka akwai rigakafi, wanda ya fi magani. Bayan abin kunyar 1999 kamfanin ya shiga ɗaukar gwanayen gasa aiki, har Randy Buehler da Erik Lauer, waɗanda suka nuna wa duniya ɓarnar Memory Jar a gasar Biyana, daga baya suka zama ma'aikatansa. Wanda ya iya gano ɓaraka shi ya fi dacewa a ba shi aikin toshe ta.

Muna kuma ganin lalle a sami murya daga waje a wurin yanke hukunci, wadda albashinta bai dogara da cinikin ƙunshi ba. Kamfanin ya kafa wani kwamitin masu ba da shawara na Commander bayan rigimar, wannan mataki ne mai kyau, amma shawara dabam, iko dabam. Muddin mai haja shi ne alƙali, to, ko ya yi adalci sai an zarge shi, ko ya yi son kai ba mai ɗaukaka ƙara.

'Yan uwa ɗalibai, da ku da kuka riga mu shiga ofis, a cikinmu ne za a sami masu rubuta dokoki da takardun umurni, masu hana shigo da wannan, masu soke lasin wancan, masu sauya ƙa'idar jarrabawa ko ta ɗaukar ma'aikata. Ko a ƙungiyarmu ta ɗalibai, ba a rasa ranar da majalisa za ta hana wani abu da jiya aka yarda da shi. In ranar ta zo, sai mu tambayi kanmu tambayoyin da 'yan wasan nan suke yi wa hukumarsu. Da wane ma'auni muka auna? Mun auna abin tare da abokan zamansa, ko shi kaɗai muka ɗauka? Mun faɗi dalili a fili? Wa zai yi hasara, kuma laifinsa ne ko namu? Yaushe za mu waiwayi hukuncin? Wa yake cin riba da shi, kuma yana cikin waɗanda suka yanke shi? Hukumar da ta iya amsa waɗannan za a bi dokarta ko ba a so, wadda ta kasa kuwa, ko ta yi daidai, jama'a ba za su yarda da ita ba. Allah Ya sa mu zama masu adalci a ƙaramin abu kafin a damƙa mana babba, amin.